Dizonktar ɗin da na sa a gidana na Garin Malam

Zafin watan Afrilu ne ya kai ni shagon kayan wuta da ke kusa da Kasuwar Dole a Damagaram. Fizibil ɗinmu, wato fiyus ɗin wutar gida, ya yi ta ƙonewa, sai ƙanena ya ɗaure wurin da waya mai kauri, wai ya huta. Bayan kwana uku soket ɗin firigo ya narke, ɗaki ya cika da warin roba.

Mai shagon, wani dattijo, bai yi gaggawar karɓar kuɗina ba. Ya ɓare fizibil ya nuna mini siririn zaren ƙarfen ciki, ya ce: "Hajiya, an yi shi ne don ya narke in wuta ta fi ƙarfin waya. Kun sa mai kauri, ai wayar bango ce za ta ɗau zafin."

Ya ba ni dizonktar biyu, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in kaya sun yi mata yawa, mai amfiya 10 na fitilu da mai 16 na soket, sai wani mai miliamfiya 30 da ke yanke wuta in ta fara bi ta jikin mutum. Wannan ya fi tsada, har na so in bar shi, amma ina da yara masu taɓa komai da jiƙaƙƙen hannu.

Yanzu in na haɗa dutsen guga da abin dafa ruwa, tas! dizonktar ɗin ya faɗi. In cire ɗaya, in ɗaga shi, shi ke nan.

Dattijon ya kuma gaya mini gaskiya: dizonktar ba ya hana hawa da saukar wuta, talabijin sai da regilatar. Aibin shagon ɗaya, yaron da ya zo sawa ya ce bayan Azahar, sai ga shi gab da Magariba.