Bindigar auna zafi GM320: tana kama tayar da birki ya riƙe, amma ba ta faɗin dalili

Birkin baya idan ya fara riƙewa ba ya zuwa da hayaniya. Mota ta ɗan yi nauyi, mai ya riƙa ƙarewa da wuri, wili guda ya fi sauran baƙin ƙura, wani lokaci a ji ƙauri bayan an tsaya. A yawancin garejinmu gwajin bai wuce a kai bayan hannu kusa da wili ba. Hannu kuwa sai abu ya yi nisa yake ganewa, lokacin fad, wato takalmin birki, ya riga ya cinye, faifan birkin da yake matsewa ya yi shuɗi-shuɗi. A nan ne wannan 'yar na'ura ke da rana.

GM320 ma'aunin zafi ne mai siffar ƙaramar bindiga, ana sayar da shi da sunayen kamfanoni daban-daban. Yana auna daga digiri 50 ƙasa da sifili zuwa wajen digiri 380 a ma'aunin Salshiyas, ba tare da ya taɓa abin ba. Kada a haɗa shi da wanda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi a ƙofar banki a 2020. Wancan na jikin mutum ne, iyakarsa digiri arba'in da 'yan kai, ba zai yi wa makaniki komai ba.

Yadda aikin GM320 ke fita daidai shi ne a yi tafiyar kilomita biyar zuwa goma a hanya miƙaƙƙiya ba tare da yawan taka birki ba, a bar motar ta rage gudu da kanta, a tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, a bar ta a giya ko a fakin, kada a ja birkin hannu. Nan take a auna faifan hagu da na dama na baya, a wuri iri ɗaya, daga nisa iri ɗaya. Lambar kanta ba ita ce abin dubawa ba, bambancin ɓangarorin biyu ne. Digiri goma ko sha biyar ba abin damuwa ba ne. Idan ɗaya ya nuna 60 ɗayan ya nuna 130, to wannan tayar tana tafiya da birki a danne. Idan kuma na bayan duka biyu sun fi na gaba zafi, alhali na gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aiki, sai a fara zargin wayar birkin hannu ko masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi.

Raunin bindigar na farko, wanda takardar cikin kwali ba ta jaddadawa yadda ya kamata: ƙarfe mai sheƙi yana yaudarar ta. An saita ma'aunin yadda abu ke fitar da zafi ne kan 0.95, wato don abubuwa masu duhu marasa ƙyalli, kuma ba a iya canza saitin. Fuskar faifan da fad ya goge ta yi fes za ta nuna ƙasa da ainihin zafinta, wani lokaci da tazara mai yawa. Mafita ita ce a auna wurin da ya yi tsatsa, gefen faifan ko tudun tsakiyarsa. Na biyu, jan ɗigon hasken nan alama ce kawai. Na'urar tana karanta da'ira ce wadda ke faɗaɗa da nisa, 12 bisa 1: daga santimita 30 tana ɗaukar faɗin santimita biyu da rabi. Wanda ya tsaya nesa da mita guda, ya haɗa zafin faifai da na wili ya samu lambar banza.

Daga nan aikin bindigar ya ƙare, saura na sifana. A sa wa tayoyin gaba dutse, a ɗaga bayan da jak, a tokare motar da kyau, a taka birki da ƙarfi sau uku ko huɗu, a saki, a juya tayar da hannu. Idan ta ƙi juyawa, a sassauta 'yar kusar fitar da iska da ke jikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai. Man birki ya yi tsartuwa taya ta saki? To kalifa ba ta da laifi, matsin mai ne ya kasa komawa. Galibi tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki: ƙafa tana iya tura mai ya wuce, amma ba ya iya dawowa. Daga waje tiyon zai yi kyau kamar ba komai, shi ya sa ake yawan sayen kalifa a banza. Don a tabbatar, a sake taka birkin, wannan karon a sassauta notin da ke saman tiyon, inda ya haɗu da bututun ƙarfe. Idan tayar ba ta saki ba, tiyon ne. Idan ta saki, matsalar tana can gaba wajen masta.

Idan an buɗe kusar taya ta ci gaba da riƙewa, matsalar ta ƙarfe ce. A duba ƙusoshi biyun da kalifa ke zamewa a kansu. Ya kamata su shiga su fita da yatsa biyu. Fad guda ya cinye ɗan'uwansa na nan da kauri, alamar su ce. A duba kunnuwan fad ko tsatsa ta matse su a mazauninsu. Sannan fistin, wanda ke tura fad daga cikin kalifa: da zarar robar da ke tare ƙura ta yage, ruwan damina da ƙurar hunturu sun samu ƙofa. A motoci irin su Golf 4 da Honda Accord ta 2003 zuwa 2012, birkin hannu a cikin kalifar baya yake, don haka a duba 'yar sandar da wayar ke ja ko tana komawa har inda ta saba tsayawa. Fistin irin wannan murɗa shi ake yi ya koma, ba a danna shi da ƙarfi. Mai danna shi da sandar taya yana lalata zaren da ke ciki. Camry kuwa birkin hannunta ƙananan takalma ne a cikin tudun faifai, su ma suna riƙewa idan an ɗaure su da yawa.

Abu ɗaya da ke ɓata gyara da yawa shi ne wanke robobin kalifa da fetur ko shafa musu giris na yau da kullum. Robar tana kumbura, bayan 'yan makonni birki ya sake kamawa. Ƙusoshi giris na silikon suke so, robar fistin kuma man birki mai tsabta. Man da ya sha zafi a zubar da shi: man birki samfurin DOT 4 sabo sai a digiri 230 yake tafasa, amma idan ya sha danshi yana sauka zuwa 155, kuma birkin da ya riƙe yana iya kai shi can, feda ta tafi ƙasa ba zato.

Bindigar tana taimakawa wajen bambance matsalar birki da ta boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu: idan boris ne, zafin ya fi taruwa a cibiya, ga gurnani da ke ƙaruwa da gudu. A mota mai birkin durom a baya maimakon faifai, kamar yawancin Corolla na 2003 zuwa 2008, ta fi ma karanta daidai, domin durom baƙi ne mai tsatsa.

Ga makaniki da direban haya mai dogon zango, ta cancanci kuɗinta. Mai gyaran tirela da manyan motoci ya nemi wadda ke kaiwa digiri 550 ko sama, mai saitin da ake canzawa. Bayan gyara a sa sabon fad hagu da dama tare, a sake bin hanyar da aka bi da farko, a sake aunawa a wurin da aka auna.