Ƙonewar ganyen shinkafa: me ya sa wani irin ke jurewa, wani ya faɗi?

Alhaji, ka tambaya me ya sa ganyen shinkafarka ke bushewa daga tsini da gefe, alhali ta maƙwabcinka tana nan kore shar, kuma ruwa ɗaya kuke sha.

Da farko ka tabbatar da cutar. Da sanyin safiya ka duba ganyen, za ka ga ɗigon ruwa mai kauri, fari-fari ko ruwan ɗorawa, maƙale a jikinsa. Ko ka yanko ganyen da ya fara ƙonewa ka tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa. In wani farin abu ya riƙa zubowa har ruwan ya gurɓace, bakteriyar Xanthomonas oryzae ce. Yawancin magungunan feshin fangas ba sa taɓa ta, kada ka ɓata kuɗinka.

Bambancin iri da iri yana cikin ƙwayoyin gado. Misali mafi kyau daga Indiya yake. Suna da shinkafa mai suna Samba Mahsuri, siririya, mai daɗin ci da tsada a kasuwa, amma cutar nan na cinye ta. Sai masana suka yi ta barbara har suka shigar mata da ƙwayoyin kariya uku, xa5 da xa13 da Xa21, aka fitar da sabuwar a 2008. A tukunya da wuya ka bambanta su. A gonar da cutar ta sauka kuwa, tsohuwar ganyenta ya bushe ya yi fari, zangarniya ta cika da holoƙo, sabuwar kuma tabon kan tsaya ɗan gajere bai yaɗu ba.

Iri mai ƙwaya ɗaya labarinsa daban. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin ta sa ƙwayar kariya Xa4 a cikin irin shinkafa IR20 da ire-iren da suka biyo bayanta, aka shuka su ko'ina. Kariyar ta yi aiki shekaru, daga baya sabbin nau'o'in bakteriyar suka ɓullo suka karya ta. Ƙofa mai makulli ɗaya ba ta kai mai uku wahalar ɓallewa ba.

Su kansu ƙwayoyin halinsu ba ɗaya ba ne. Xa4 tana rauni idan zafi ya tsananta, Xa7 kuwa sai ta ƙara ƙarfi, kuma wannan ya shafi mai noman rani a Kura ko Tillaberi. Xa21 ba ta cika kare shuka tun tana ƙarama, sai ta girma. Ita wannan Xa21 daga shinkafar daji ta ƙasar Mali aka samo ta, irin wadda manoman fadama ke yaƙi da ita a matsayin ciyawa.

Abin da ya fi damuna shi ne mai sayar da iri ya ce maka "wannan ba ya kamuwa". Bakteriyar da aka samu a Mali da Nijar da Burkina Faso ta sha bamban da ta Asiya, don haka irin da ya tsira a can ba lalle ya tsira a nan ba. Ka nemi malamin gona, ko cibiyar binciken hatsi ta NCRI da ke Badeggi, ko cibiyar binciken noma ta INRAN ga 'yan'uwanmu na Nijar, ka tambaye su wane iri aka gwada da cutar yankinku.

Sannan ka duba hannunka, Alhaji. Yawan yuriya na sa ganye ya yi taushi, cutar ta samu hanya. Yanke kan dashe ma rauni ne da take shiga ta nan, haka ruwan da ya ratso fangalin mai cuta ya shigo naka. Ka tambayi maƙwabcin nan irin da ya shuka da buhun takin da ya zuba, bana ka ware fangali biyu ka gwada nasa kusa da naka.