Hattara da mai sayar da garin "sitem sel" na ƙashi a Gombe

Jama'ar Gombe, akwai wani mutum da ke yawo da 'yar jaka yana sayar da gari a ƙananan ledoji, wai "sitem sel" ne, wato ƙwayoyin asali na jiki, mai sabunta ƙashin tsofaffi. Ya ci min Naira 185,000, kuɗin da nake tarawa na gyaran shago.

Inna ce ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. A wajen ɗaurin aure a Jekadafari aka haɗa ni da shi. Kada wanda ya ce min ban yi tunani ba, domin bayanin da ya yi gaskiya ne. Ya ce a cikin ɓargo akwai ƙwayoyin asali da ke rikiɗa su zama masu gina ƙashi, in shekaru suka ja sai su yi sanyi, da yawansu su koma kitse, ƙashi ya riƙa zama holoƙo. Ya ce abin ya fi cin mata bayan al'ada ta ɗauke. Likitan Inna ma ya taɓa gaya min kusan haka. To ina zan ga alamar ƙarya?

Har gida ya zo, ya durƙusa gabanta ya ce, "Hajiya, da yardar Allah za ki taka da ƙafarki." Durƙusawar nan ce take hana ni barci. Inna har addu'a ta yi masa!

100,000 na fara tura masa. A'a, 85,000 na fara ba shi hannu da hannu, sauran ya biyo baya da ya ce kwalin farko share fage ne. Shi ne kuma ya sa ta ajiye kalsiyam da bitamin D na asibiti.

Da na kai wa likita ledar, cewa ya yi ƙwaya mai rai ba ta zama a busasshen gari, ko ta zauna ma ciki zai narkar da ita. Dashen ɓargo na gaskiya a asibiti ake yin sa, ga masu sikila da sankarar jini. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalin ma ta bogi ce. Yanzu wayarsa a kashe.

Rasit da hirarmu ta WhatsApp suna hannuna, zan sa hotunan. Kada ku saya, kada ku bari tsohonku ya ajiye maganin asibiti. Naira 185,000 wallahi, kuma har yau Inna tana tambayata yaushe yaron kirkin nan zai dawo.