Tina ko ruwan omo kafin a yi wa ƙarfe fenti?

Mutane sun dame ni da tambayar nan, wato da wanne za a wanke ƙarfe kafin fenti, tina (ruwan nan da ake tsinka fenti da shi) ko ruwan omo, musamman masu sabon get da tagogi daga wajen mai walda. To ga yadda abin yake.

Wajen kuɗi omo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma fa aikinsa da yawa, sai ka cuɗa ka ɗauraye sosai ka shanya ya bushe ƙarau, in ka bar danshi tsatsa za ta fito tun kafin ka buɗe gwangwanin fenti, in kuma ragowar kumfa ta bushe a jiki fentin ba zai kama ba, ɓarewa zai yi.

Tina kuwa tana narkar da giris da baƙin mai nan take kuma ta bushe da kanta. Sai dai ka riƙa canza tsumma, in ba haka ba maiƙon kawai kake yaɗawa. Haɗarinta ne ke damuna wallahi, tana kamawa da wuta, warinta na hawa kai, don Allah kar a yi a ɗaki rufe ko kusa da mai walda.

Dukkansu ba sa cire tsatsa, wannan aikin samfefa ne.

Mai sabon ƙarfe mai maiƙo ko bodin mota, tina. Mai tsohon ƙyaure da ƙura ce kawai kuma akwai rana, omo ya ishe shi.