Kafin ka sa wa shafinka abin ƙirga baƙi, ga yadda na auna su

Salamu alaikum jama'a. Tambayar nan ta yi min yawa a waya kwanan nan shi ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Mutum ya biya kuɗi an buɗe masa shafin intanet na shagonsa ko na ƙungiyarsu ko na makaranta, bayan wata biyu sai ya kira ni, malam wai mutum nawa ne suke shiga, daga ina suke zuwa, me suke dubawa? To shafi da kansa ba ya faɗa maka wannan, sai ka liƙa masa wani ɗan kod da zai riƙa ƙirga, kamar yaron shago da ka zaunar a bakin ƙofa da littafi da biro. Damuwar ita ce yaran suna da yawa, wani kyauta yake aiki wani sai da albashi, wani kuma surutunsa ya fi aikinsa.

Ni a Garwa ta Kamaru nake, kuma da idon mutumin nan na auna su, wanda masu shiga shafinsa kusan duk da waya suke shiga, forfe ɗinsu, wato datar waya, a ƙirge yake, reso yau akwai gobe sai a hankali, sannan biyan kuɗi waje da kati ba ƙaramin aiki ba ne a wurinmu.

Bari in fara da babban yaya, Google Analytics, tunda shi kowa ya fara jin sunansa. Tun 2005 yake, kyauta ne, kuma gaskiya ba abin da ba ya ƙirgawa. Tsohon samfurinsa da mutane suka saba da shi ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli 2023, yanzu GA4 ake amfani da shi, don haka in ka ga bidiyon koyarwa na da can kada ka sha mamaki in allonka bai yi kama da na mai bidiyon ba. Sa shi ba wuya, za ka buɗe akawun su ba ka lamba mai farawa da G-, in shafinka na WordPress ne, wato manhajar da ake gina shafi da ita, akwai Site Kit na Google ɗin kansa da zai haɗa maka komai. Wahalar tana wajen karantawa. Wallahi menu a cikin menu, ka shiga neman mutum nawa suka zo jiya sai ka tsinci kanka a wani lungu ka manta me ya kai ka. Ga ɗan kasuwar da yake son duba waya tsakanin kwastoma da kwastoma, wannan kamar ka ɗauko tirela ne don kai buhun gero ɗaya gida. Kod ɗinsa ma yana da ɗan nauyi in ka gwada shi da na ƙananan, kuma masu toshe talla a burauza sukan toshe shi, su ba za su fito a lissafinka ba. Wani abu da mutane ba sa lura, bayanan da ake zurfafa bincike da su wata biyu kawai yake ajiye su in ba ka taɓa saitin ba, sai ka shiga da kanka ka mayar wata 14, kuma ka yi hakan ranar farko don abin da ya goge ba ya dawowa.

To wa ya dace da shi? Wanda yake biyan talla a Google ko YouTube yana son sanin ko kuɗinsa na dawowa, ko wanda wata ƙungiya mai ba da tallafi ta ce lalle rahoton Google take so. In ba ka cikin waɗannan, ban ga dalilin da za ka fara da shi ba, ra'ayina ke nan.

Akwai kuma maganar kukis, wato ɗan alamar da yake ajiyewa a wayar baƙo don ya gane shi in ya dawo. A Turai dokarsu ta kare bayanai da ta fara aiki a Mayun 2018 ta sa ana tambayar izini, shi ne akwatin nan mai damun mutum da ke tsalle a gabanka, har a Fabrairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta taɓa cewa yadda Google Analytics ke kai bayanan baƙi zuwa Amurka ya saɓa doka, daga baya a 2023 Turai da Amurka suka yi sabuwar yarjejeniya. Kada ka ce ai wannan nasu ne can, Chadi tana da dokar kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru ma ta samu tata a Disamban 2024. Ni ba lauya ba ne amma abin da hankali ya ba ni shi ne abin da ba ka bukata kada ka tara shi.

Wannan ne ya kawo mu ga ƙananan, marasa kukis. Cloudflare Web Analytics kyauta ne, layi ɗaya za ka liƙa, ba sai ka kwashe shafinka ka koma wurinsu ba, ya nuna maka yawan shiga, wane shafi aka fi buɗewa, ƙasa, irin na'ura da kuma saurin buɗewar shafin. Shi ke nan. In tambayarka ita ce kawai ana zuwa ko ba a zuwa, ya ishe ka. Amma yana da giɓi ɗaya da a wurinmu babba ne, zan dawo kansa.

Plausible shi ne wanda na fi jin daɗin kallo, komai a allo ɗaya, ko Alhajin da bai son dogon bayani zai gane cikin minti biyu, kod ɗinsa ƙarami ne sosai ba ya cin forfe ɗin baƙo, bayanan kuma a Turai suke ajiye. Sai dai na kuɗi ne, gwaji na kwana 30 kyauta daga nan ƙaramin tsarin wajen dala 9 a wata, dalar Amurka fa nake nufi ba dalarmu ta sefa biyar ba kada wani ya ce ya samu banza, wato wajen jaka biyar zuwa shida gwargwadon canji. Kuma ba da Orange Money ko MTN MoMo kai tsaye za ka biya ba, haka ƴan uwanmu na Njamena da Airtel Money ko Moov, galibi sai da katin banki mai biya a intanet, ranar da katin ya ƙi wucewa ka shiga zirga-zirga. Sannan tunda ba ya ajiye alama a wayar mutum, wanda ya zo yau ya dawo gobe sabon baƙo ne a wurinsa. Umami kusan ɗan'uwansa ne a sauƙi, shi yana da tsarin kyauta ga ƙananan shafuka, shi ya sa yawanci shi nake fara sa wa mutane.

Matomo labarinsa daban ne. A da sunansa Piwik, tun 2007, a 2018 aka canza suna. Shi kamar ka haƙa rijiya ce a gidanka maimakon sayen ruwa, kana iya ɗora shi a kan saba, wato kwamfutar da shafinka yake zaune a kai, bayanai duk a hannunka ba wanda ya gani, kyauta, yana son manhajojin saba PHP da MySQL kawai, a WordPress ma akwai shi da za ka danna ka sa. Amma mai rijiya shi ke yasa, sabuntawa kai ne, ajiyar kwafi kai ne, kuma in masaukin shafinka irin mai arhar nan ne da ake cunkusa mutane da yawa a inji ɗaya, ma'ajiyar bayanan tana kumbura shafin ya fara jan ƙafa. Suna da na haya da za su riƙe maka, in aka ce maka farashi da yuro aƙalla lissafinsa ba ya rawa tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne kullum. Ga makaranta ko asibiti ko ƙungiyar da ba ta son bayanan mutanenta su fita, kuma tana da yaro mai kula da kwamfuta, nan zan tura su.

Yanzu ga inda nake son ku tsaya ku ji da kyau, don wannan ya fi zaɓen na'urar muhimmanci. Mu nan yawancin baƙinmu ba daga binciken Google suke zuwa ba, daga WhatsApp suke, an tura adireshi a gurup na unguwa ko an sa a sitatus. Wanda ya danna daga WhatsApp galibi ba ya zuwa da shaidar inda ya fito, sai na'urar ta jefa shi a kwandon da suke rubuta wa Direct, kamar shi ya rubuta adireshin da hannunsa. Sai ka buɗe rahoto ka ga kwandon nan ya cinye kusan kowa, ba ka san gurup ɗin ƴan kasuwar Marwa ne ya kawo su ba ko sitatus ɗin matarka. Maganin shi ne ka ɗaura wa adireshin wutsiya kafin ka tura, a ƙarshensa ka ƙara ?utm_source=whatsapp&utm_campaign=sallah, gurup daban wutsiya daban, wanda za ka sa a Facebook ma daban. Google Analytics da Plausible da Umami duk suna karanta wannan wutsiyar, Matomo ma haka. Cloudflare ba ya karantawa, giɓin da na ce zan dawo kansa ke nan, in shi ka zaɓa sai dai ka yi dabarar buɗe wa kowane talla shafinsa na daban.

Na biyu, kada ka yarda da garin da aka nuna maka ido rufe. Akwai wani Alhaji mai atamfa da turare a nan da na sa wa abin ƙirga, bayan sati uku ya kira ni da murna, ɗana zo ka gani, ashe mutanen Duwala ne suka fi son kayana, ina ga zan nemi wakili a can. Na ce Alhaji ranka ya daɗe a dakata tukuna, na karɓi wayar yaronsa a nan cikin shagon na buɗe shafin, sai ga shi ya fito a matsayin baƙo daga Duwala, mu da muke zaune Garwa fanka na kaɗa mana iska mai zafi. Dalili kuwa na'urar lambar IP take dubawa, wato lambar da waya ke fita intanet da ita, ta yi hasashen gari, intanet ɗin waya kuma sau da yawa ta manyan birane yake fita, shi ya sa mutumin Garwa ko Ngaundere ko Kusseri zai iya fitowa ɗan Duwala ko Yawunde, kowace ka sa haka za ta yi. Ƙasa galibi tana fita daidai, gari kuwa sai a yi hattara. Masu Opera Mini da suka kunna tsananin tsimin data ma shafin ta sabar kamfanin yake biyowa kafin ya iso musu, lissafinsu ba ya cika. Alhaji ya yi dariya ya ce to Allah ya rufa asiri ban biya kuɗin haya ba. Da muka ƙara dubawa kuma wani kaso na shigar shi ne da yaransa, kullum suna buɗewa su ga ko hoton ya fito da kyau, don haka ranar da ka sa na'urar ka cire kanka daga lissafi.

Sauran zan wuce su da sauri. AWStats da ke cikin cPanel, allon sarrafa masaukin shafinka, ba sai ka sa komai ba, amma daga rajistar saba yake ƙirga, injinan da ke yawo a intanet sukan kutsa cikin lissafin lambar ta kumbura, kada ka kai wa mai ba ka talla ita. Jetpack Stats yana da sauƙi a WordPress amma shafin kasuwanci suna neman ya biya. Microsoft Clarity kyauta ne, shi yana nuna maka inda mutane ke dannawa da inda suke gajiya su fita kamar kana leƙen kafaɗarsu, yana da amfani in kana zargin maɓallin oda ya ɓuya a ƙaramar waya, ka sa shi sati biyu ka gyara ka cire.

Wanda ba na yarda a bari shi ne Google Search Console, duk wanda ka zaɓa a sama ka haɗa da shi, kyauta ne kuma ba ya ƙara wa shafi nauyi. Shi ba ya bin baƙo a cikin shafi, kalmomin da aka rubuta a Google aka same ka yake nuna maka, na wata 16 baya. A nan ne za ka ga yadda mutanenmu ke haɗa Faransanci da Hausa da Fulatanci a layi ɗaya, wani ya rubuta Garoua wani Garwa, daga nan ka san da wane suna za ka rubuta kayanka.

Shi Alhajin atamfa dai a ƙarshe Umami na bar masa da Search Console, na yi masa adireshi guda huɗu kowanne da wutsiyarsa na ajiye a wayar babban yaronsa, ɗaya na sitatus, ɗaya na gurup ɗin mata masu adashi, ɗaya na Facebook, ɗaya na dillalansa da ke tsallaka kaya Njamena ta Kusseri. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci yake dubawa, kuma zuwa yanzu na masu adashin ne a gaba.