Wonder Woman: Wanne Za a Fara Saye, Wanne Za a Bari Sai Gaba?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, nakan sauko da littattafan zane na jaruma Wonder Woman daga kan kanta, in kakkaɓe su kafin hunturu ya ƙaro wata ƙurar, in duba abin da nake da shi da abin da ya rage mini. A watan ne aka fara ganinta a shekarar 1941, cikin mujallar All Star Comics lamba ta 8, kuma kamfanin DC mai wallafa littattafanta ya yi bikin cikarta shekara 80 a ranar 21 ga Oktoba, 2021. Bana ƙanwata ce ta sa na zauna rubutun nan. Ta kalli fim ɗin, ta zo ta same ni ina jera littattafan a kan tabarma, ta ce kuɗin da ta tara na littafi ɗaya ne tak. "Yaya, wanne zan saya?" Tambayar ba ta da nauyi a baki, amma jarumar nan, wadda sunanta na asali Diana, ta bi ta hannun marubuta da yawa, kowa da irin Dianar da ya gina, kuma wanda ya shigo ta ƙofar da ba ta dace da shi ba, da wuya ya sake leƙowa.

Ma'aunina guda ne, kuma da shi nake auna kowane littafi da kowane fim: marubucin nan, igiya ya danƙa mata ko takobi? Wanda ya ƙirƙire ta, William Moulton Marston, masanin halayyar ɗan Adam ne, yana cikin waɗanda bincikensu kan bugun jini ya share hanyar na'urar gano maƙaryaci. Shi da mai zane H. G. Peter sun ba ta mundaye na tare harsashi da igiyar zinariya, wadda daga baya ta zama igiyar da duk wanda aka zarga wa ba ya iya faɗin ƙarya. Dukkansu kayan kariya ne da kamu, babu na kisa. Jarumai masu ƙarfin dantse sun cika kasuwa. Abin da ya raba Diana da su shi ne an aiko ta ne ta sasanta, faɗa kuwa sai ya zama dole. Labarin da ya manta da wannan, ko zanensa ya kai ina, ba shi zan fara miƙa wa sabon shiga ba.

Da wannan ma'auni, amsar da na ba ƙanwata ita ce Year One, na Greg Rucka da mai zane Nicola Scott, wanda ya fito a 2016. Labarin farawa ne daga tushe: jirgin Steve Trevor ya faɗo tsibirin Themyscira, aka yi gasa tsakanin matan Amazon, mayaƙan da ke zaune a tsibirin, Diana 'yar sarauniya ta ci, ta bar gida tana sane da cewa babu dawowa. Abin da ya sa nake komawa gare shi shi ne Diana ta iso Amurka ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren mutanen. Aka tsare ta a ɗaki, tana magana ba mai fahimta, sai da aka nemo wata masaniyar tarihi, Barbara Ann Minerva, ta riƙa yi mata tafinta. Nicola Scott ta iya zana fuska. Akwai shafin da za ka ga kewar gida a idon Diana ba tare da an rubuta komai ba. Duk wanda ya taɓa sauka garin da ba ya jin yarensa zai gane wannan kallon. Littafin ba shi da kauri, ba ya buƙatar ka san komai kafin ka buɗe, kuma ya ƙare inda ya kamata. Iyaye su san abu ɗaya: akwai ishara cewa a tsibirin ana soyayya tsakanin mata, Rucka kuma ya tabbatar da haka a wata hira a shekarar. Ba a nan labarin ya ta'allaƙa ba, amma gara ka sani tun kafin ka biya.

A nan ne tarkon yake, kuma na taɓa faɗawa. A bangon Year One an rubuta juzu'i na 2, alhali shi ne mafarin labarin. Dalili shi ne Rucka ya riƙa tafiyar da labari biyu a lokaci guda, lambobi masu mara suna zamanin yanzu da zanen Liam Sharp, masu cika suna baya da zanen Scott, sai aka tara na Sharp a juzu'i na 1 mai suna The Lies. Bayan haka kuma, duk sanda DC ta sabunta jerin, sai ƙidaya ta koma ɗaya. Akwai juzu'i na 1 na 2011, akwai na 2016, akwai na 2023 na Tom King da Daniel Sampere. Na taɓa ba wani mai kawo kaya daga waje saƙo da lamba kawai, na jira wata biyu, ya kawo mini juzu'i na 1 na wani jerin daban, kuma babu mayarwa. Idan za ka yi oda, rubuta sunan marubucin da ƙaramin taken littafin, in da hali ka tura hoton bangon.

Wanda yake da haƙurin karatu kuma kuɗinsa sun ɗan fi, George Pérez ne babban gida. A 1987 aka sake gina Wonder Woman daga farko, Pérez yana zane yana kuma cikin masu tsara labarin, kuma kashin farko, Gods and Mortals, har yau ban ga abin da ya kamo shi wajen zurfi ba. A wurinsa matan Amazon rayukan mata ne da maza suka kashe a zamanin da, aka sake tayar da su, ita kuwa Diana uwarta Hippolyta ce ta ƙera ta da yumɓu a bakin teku. Ƙarshen kashin shi ne hujjata ta ma'aunin da na faɗa. Ares, ubangijin yaƙi a tatsuniyar Girkawa, ya kusa jefa duniya cikin yaƙin nukiliya. Diana ba ta fi shi ƙarfi ba, ba ta kuma sare shi ba. Zarga masa igiya ta yi, ya ga ƙarshen abin da yake nema: duniya ta ƙone, babu sauran mai yaƙi, babu mai tunawa da shi. Da kansa ya janye. Na karanta wannan wuri ya fi sau goma, kuma har yanzu nakan dakata a kansa.

Sai dai Pérez yana cika shafi. Akwatunan zane ƙanana birjik, rubutu a kowane lungu, irin salon shekarun nan. Wanda Turancinsa bai nuna ba zai gaji tun kafin tsakiya. Ana samun aikin a jerin littattafai masu laushin bango, ana kuma samunsa a dunƙule cikin manyan kundaye masu taurin bango da ake kira omnibus. Kundin yana da kyau a kan kanta, amma ka yi tunani sau biyu. Nauyinsa kaɗai ya isa ya ninka maka kuɗin dako, ba a iya karanta shi a kwance, kuma nawa tun damina ta biyu takardunsa suka fara lanƙwasa daga gefe. Masu laushin bango sun fi dacewa da hannu da aljihu, ka sayi ɗaya, in ya yi maka ka nemi na gaba. Pérez ya rasu a watan Mayun 2022, tun daga nan nake buɗe littattafansa da wani irin nauyi a zuciya.

Akwai wani ɗan siriri da nake ganin mai karatu Bahaushe zai ji shi har cikin ƙashi, The Hiketeia, na Rucka da J. G. Jones, 2002. Wata yarinya ta kashe mutanen da suka yi sanadin mutuwar ƙanwarta, ta gudo ta durƙusa gaban Diana ta nemi mafaka bisa wata tsohuwar al'adar Girkawa. Diana ta karɓe ta. Sai ga Batman a ƙofar gida yana neman mai laifi. Mun san wannan a gida: wanda ya shiga inuwarka ya zama amana, ko da ya zo da jini a hannu, kuma mai neman haƙƙi a waje shi ma ba ƙarya yake yi ba. Zama ɗaya ake karance shi, amma ba na yara ba ne, ƙarshensa kuma da ɗaci.

Na Brian Azzarello da Cliff Chiang, wanda ya fara a 2011 da juzu'in Blood, shi ne wanda masu sayarwa suka fi tura wa mutane, kuma na san dalili. Zanen Chiang tsaf yake, labarin yana gudu, allolin Girkawa sun fito da siffofi masu ban tsoro. Amma an sauya asalin Diana, aka ce batun yumɓu rufa-rufa ce, 'yar Zeus ce, babban allolin Girkawa, aka mayar da ƙarfinta gadon uba. An kuma mayar da matan Amazon masu far wa jiragen ruwa su kashe mazan bayan sun sami abin da suke so. Labari ne mai daɗi, ban musa ba, amma takobi ne a hannunta daga farko har ƙarshe. A bar shi ya zama na uku ko na huɗu, bayan mutum ya san wace ce ake juyawa.

Araha kuma ba ta ado. A 2024 DC ta fito da ƙananan littattafai masu suna Compact Comics a kan dala 9.99, kuma na Wonder Woman da ke cikin jerin farko shi ne Earth One na Grant Morrison da Yanick Paquette. Farashin da girman sun yi daidai, amma abin da ke ciki na manya ne, cike da ɗaure-ɗaure da sarƙoƙi da zanen jiki irin wanda ba za ka so ka bari a falo ba. Wanda ke neman abin ba yara ya nemi littattafan DC Super Hero Girls, inda Diana take 'yar makaranta. Mai son ganin baƙar fata a tsibirin ya nemi Nubia, wadda ta fara fitowa tun 1973, ta kuma sami nata jerin, Nubia and the Amazons, a 2021.

A ɓangaren kallo zaɓin bai kai haka yawa ba. Fim ɗin 2017 na Patty Jenkins, da Gal Gadot da Chris Pine, ya tara sama da dala miliyan 800, kuma wurin da Diana ta fito daga ramin sojoji ta ratsa filin da ba mai iya ratsawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, garkuwa a gaba, harsasai na zuba, ya cancanci duk yabon da ya sha. Ta fito ne don wata mata ta roƙe ta ta ceci mutanen ƙauyensu, wannan kuwa Diana ce sak. Ƙarshensa ne ya koma walƙiya da rushe-rushe irin na kowa. Na san akwai masu ƙin fim ɗin saboda Gadot 'yar Isra'ila ce kuma ta yi aikin soja a can, ƙasar Labanan ma ta hana nuna shi a kan haka. Wanda wannan ya tsaya masa a rai bai yi asarar jarumar ba, domin ta girmi fim ɗin da shekara 76. Na biyun, Wonder Woman 1984, da ya fito a Disambar 2020, ba zan ce a kashe masa kuɗi ba. Ya kai awa biyu da rabi, ya dawo da Steve a cikin jikin wani bawan Allah ba tare da labarin ya damu da mutumin ba, ko da yake na yaba masa da ya rufe da igiya da magana maimakon duka.

Katun ɗin 2009 na Lauren Montgomery gajere ne, bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma ya fi fina-finan biyu tsari. Kada kalmar katun ta ruɗe ka, akwai sare kai a ciki. Wanda za a iya kallo da iyali shi ne shirin talabijin na Lynda Carter, 1975 zuwa 1979, zango uku, na farko a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Dabarun ɗaukarsa sun tsufa, kayan jikinta kuma su ne dai waɗanda aka sani, amma babu wadda ta kai Carter nuna taushin halin Diana. Mai sayen faifai ya duba lambar yanki: Blu-ray na Amurka yankin A ne, Afirka da Turai suna yankin B, don haka na Ingila ya fi aminci ga na'urorinmu.

Ni bana kuɗina Absolute Wonder Woman za su tafi, na Kelly Thompson da Hayden Sherman, wanda ya fara a Oktoban 2024. Da na ji an raba Diana da tsibirinta, an ce matsafiya Circe ce ta raine ta a lahirar Girkawa, ga wani ƙaton takobi a kafaɗa, na ɗauka wani Azzarello ne aka sake. Na ari lambobin farko na karanta, sai na tarar an kwashe mata komai an bar mata tausayin, kuma a kansa aka gina labarin gaba ɗaya. Ƙanwata ta riga ta tura hoton bangon Year One ga mai kawo mata, da sunan Rucka a rubuce a ƙasa. Na ce mata idan ta gama ta zo ta ɗauki Pérez ɗina, da sharaɗin kada ta naɗe gefen shafi.