Sharhi kan Kwas ɗin Farko na Ilimin Akanta da Na Yi ta Intanet

Na kammala kwas ɗin share fage na ilimin akanta da wata kwaleji ke koyarwa ta intanet, wanda ya ɗauke ni mako 14, kuma na ga ya dace in rubuta abin da na tarar a ciki tun kafin ya dusashe a raina. Abin da ya kai ni shi ne aikina ya fara haɗa ni da rahotannin kuɗi waɗanda nake karantawa ina wucewa ba tare da na san yadda aka samo alƙaluman ba, kuma hakan ya daɗe yana damuna. Kwas ɗin ya biya mini wannan buƙata, sai dai mafi yawan abin da ya zauna mini a kai ban same shi daga allon kwamfuta ba, na same shi ne a lokacin da na ture madannai gefe na ɗauki biro da takarda.

Tsarinsa ba shi da sarƙaƙiya. Kowane mako ana buɗe babi guda na littafin karatu, da gajerun bidiyoyi na malamar, da aikin gida wanda manhaja ke dubawa nan take, sannan a rufe da ɗan gwaji mai ƙayyadadden lokaci. Bidiyoyin suna da tsabta, kuma damar dakatar da bayani a maimaita shi sau uku ko huɗu alheri ne da ɗalibin aji ba ya samu.

Makon farko ya tsaya ne kan ginshiƙin fannin baki ɗaya, wato cewa kadarorin kamfani daidai suke da basussukan da ake bin sa idan aka haɗa da jarin masu shi. Malamar ta kawo ɗan tarihi wanda ya ƙara mini ganin girman abin: tsarin rubuta kowace harka a wuri biyu ya samo asali ne daga fataken Italiya, kuma masanin lissafi Luca Pacioli ne ya bayyana shi dalla-dalla a littafin da aka buga masa a birnin Benis a shekarar 1494. Ba shi ya ƙirƙiro tsarin ba, abin da ya ga 'yan kasuwa suna yi ne ya tsara ya rubuta, amma abin mamaki ne a ce hanyar da aka bayyana fiye da shekara 500 da suka wuce ita ce har yau ke ƙarƙashin yawancin manhajojin lissafin kuɗi.

Inda na fara cijewa shi ne batun debit da kiredit. Duk wanda ya saba da saƙon banki ya san cewa idan aka ce an yi masa kiredit to kuɗi ne suka shigo, sai ga shi littafi yana cewa idan kuɗi suka shigo asusun kamfani, debit ake rubutawa. Na yi kwana biyu ina juya wannan magana, ina ganin kamar ɗaya daga cikinsu ya yi kuskure, har sai da malamar ta amsa mini cewa saƙon banki daga littafin banki yake fitowa, kuma a wurin banki kuɗin da na ajiye bashi ne da nake bin sa, shi ya sa ƙaruwarsa ke zama kiredit. Daga nan na fahimci cewa kalmomin biyu ba sa nufin riba ko asara, suna nufin ɓangaren hagu da ɓangaren dama ne kawai. Wannan bayani na layi uku ya kamata a ce yana cikin bidiyon farko, domin na ga ɗalibai da dama sun yi tambaya iri ɗaya.

Babin da ya fi kowanne amfani a gare ni shi ne na gyare-gyaren ƙarshen zangon lissafin kamfani, inda ake koyon cewa ana rubuta kuɗin shiga a lokacin da aka yi aikin, ana kuma rubuta kashewa a lokacin da aka ci moriyar abin, ko da kuɗi bai motsa ba. Akwai wani aiki da har yanzu nake tunawa: kamfani ya biya inshorar shekara guda, dala 2,400, a ranar 1 ga Oktoba, aka ce mu nuna matsayinta a ranar 31 ga Disamba. Hankalina ya tafi kai tsaye ga cewa an kashe 2,400, tunda kuɗin sun fita. Amsar ita ce wata uku kacal aka ci, saboda haka 600 ne kashewa, sauran 1,800 kuwa kadara ce da kamfani ke riƙe da ita. Haka ma raguwar darajar kayan aiki: injin da aka saya a kan 50,000, ana sa ran zai yi shekara 5 a sayar da shi 5,000, ana raba 45,000 ne a kan shekarun, a rubuta 9,000 kowace shekara. A nan ne na gane yadda kamfani zai iya nuna riba a takarda alhali ba shi da abin biyan albashi a hannu, kuma wannan fahimta kaɗai ta sauya yadda nake karanta rahotannin da ke zuwa teburina.

Manhajar da ke duba aikin gida ita ce ƙarfin kwas ɗin, ita ce kuma rauninsa. Tana nuna wa ɗalibi kuskurensa a cikin daƙiƙa guda, ta ba shi damar sake gwadawa, abin da babu malamin da zai iya yi wa ɗalibai masu yawa da tsakar dare. Amma a yawancin tambayoyi an riga an zana teburin, an jera sunayen asusai a cikin akwatin zaɓi, abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya zaɓa ya cike lamba. Idan akwatin ya yi ja sai ya sauya zaɓi har ya yi kore, ya sami maki cikakke ba tare da ya san dalili ba. Na yi makonni huɗu ina samun maki mai kyau ta wannan hanya, sai da gwajin tsakiyar zango ya kawo tambayar da ba ta da akwatin zaɓi na ga cewa ban iya fara shigar da harka daga farar takarda ba. Wani lokacin kuma manhajar takan ƙi amsa daidai saboda bambancin waƙafi ko cikon lamba, ɗalibi ya ɓata rabin sa'a yana neman kuskuren da babu shi.

Bayan wannan gwaji na sauya hanya. Na sayi littafin rubutu, na riƙa zana kowane asusu da hannu, layi a kwance da layi a tsaye, hagu da dama, ina kwashe harkoki daga littafin shigarwa na yau da kullum zuwa leja, wato babban littafin da ke tara harkokin kowane asusu wuri guda, kafin in taɓa kwamfuta. Wani dare na haɗa jimillar gwajin daidaito, wato jera ragowar dukkan asusai don a ga ko ɓangarorin biyu sun yi daidai, sai ɓangaren debit ya fi na kiredit da 270. Na bi lissafin sau biyu ban ga komai ba, sai na tuna wata dabara da littafin ya ambata a gefen shafi: idan bambancin ya rabu da 9 ba saura, to mai yiwuwa an juya lambobi ne. Na raba 270 da 9 na sami 30, na koma ina bin layi ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, sai ga shi na kwafe 630 a matsayin 360. Daɗin da na ji a lokacin da ginshiƙan biyu suka daidaita ya fi na duk koren akwatin da manhajar ta taɓa nuna mini. Littafin ya kuma yi gargaɗi, kuma na tabbatar da hakan da kaina, cewa daidaiton jimilla ba shaida ba ce ta cewa komai daidai ne, domin idan aka rubuta adadi daidai a asusun da ba nasa ba, ko aka manta harka gaba ɗaya, ginshiƙan za su daidaita duk da haka.

Akwai abin da duk mai niyyar shiga irin wannan kwas ya kamata ya bincika tun farko, wato ƙa'idojin wace ƙasa ake koyarwa. Littafinmu na Amurka ne, ya ginu a kan ƙa'idojin akanta na Amurka da ake kira GAAP waɗanda hukumar FASB, da aka kafa a 1973, take tsarawa, alhali ƙasashe fiye da 140 suna aiki ne da ƙa'idojin ƙasa da ƙasa da ake kira IFRS na hukumar IASB mai mazauni a Landan. A matakin farko tushen ɗaya ne, amma bambancin yana fitowa a babin ƙididdigar haja. Mun ɓata lokaci mai tsawo a kan tsarin LIFO, wanda ke ɗauka cewa kayan da suka shigo a ƙarshe su ne suka fara fita, tare da FIFO wanda ke ɗaukar akasin haka. Idan aka sayi kaya 10 a kan 100 kowanne, aka ƙara sayen 10 a kan 120, sannan aka sayar da 10 a kan 150, FIFO zai nuna ribar 500, LIFO kuwa 300, duk da cewa ciniki ɗaya ne. Misalin yana buɗe ido ƙwarai, sai dai an halatta LIFO a Amurka ne, IFRS ta hana shi, kuma littafin ya ambaci hakan ne a jimla guda a ƙarshen babi. Ɗalibin da zai yi aiki a wajen Amurka ya cancanci a faɗa masa wannan a sarari.

Game da malamar, ba ni da abin cewa sai yabo kan ingancin amsoshinta, amma sukan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin su iso, kuma a fannin da kowane babi ke hawa kan na baya, kwana biyu cikin ruɗani suna da tsada. Wanda bai fahimci mako na uku ba, ba zai ja numfashi a mako na biyar ba. Kusan sa'a takwas zuwa goma nake ba kwas ɗin a kowane mako, fiye da yadda na yi zato sa'ad da na yi rajista, kuma babu wanda zai tuna wa mutum idan ya yi sakaci. Jarrabawar ƙarshe ana yin ta ne da kyamara a kunne da agogo yana tafiya, abin da ke buƙatar ɗaki mai natsuwa da intanet mai ƙarfi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka yi wa bayanin shige da ficen kuɗi. Bayan an shafe makonni ana nuna mana cewa riba daban, tsabar kuɗi daban, rahoton da ke haɗa su biyun sai aka tura shi makon ƙarshe, aka ba shi bidiyo guda da aikin gida guda, ɗalibai kuma hankalinsu ya riga ya koma kan jarrabawa. Na iya rarraba harkoki zuwa na gudanarwa da na zuba jari da na samar da kuɗi, amma dalilin da ya sa ake mayar da raguwar daraja a kan riba sai bayan an rufe kwas na zauna na warware shi a littafina: an cire ta ne a matsayin kashewa alhali ko sisi bai fita ba, don haka dole a dawo da ita idan ana neman tsabar kuɗin da aka samu. Na yi rajistar kashi na biyu, wanda ya shafi lissafin da manajoji ke amfani da shi a cikin gida, kuma kafin a buɗe shi ina sake bin wannan babi daga farko, da biro, ina amfani da rahoton shekara na wani kamfani da na sauko da shi daga intanet.